Jar Akuya Ta Sauka Ba Wuta

Mun tashi da asuba daga Madawa, ana idar da salla, ni a kan Jar Akuya, abokina bakanike yana biye da ni a kan nasa sabon babur da jakar kayan aiki. Gari bai gama farkawa ba. Masu ƙosai ne kawai suka hura wuta, sai amalanken jakai da ke gangarawa fadama a hankali, masu su suna gyangyaɗi a kai. A bayana na ɗaure sabuwar tabarmar kaba, saƙar Madawa, naɗe kamar gammo. Da yawanku kun tambaye ni inda na ɓace kwanakin nan, to ga labarin, amma sai kun bari na fara gaya muku wace ce Jar Akuya.

Babur ɗin mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Baba malamin dabbobi ne, rayuwarsa duka ya yi ta yana zagaya rugage da mashaya yana yi wa shanu da awaki allura. Mutanen ƙauyuka ne suka raɗa wa babur ɗin suna, don ja ce, ƙarama ce, kuma babu dutsen Adar da ba ta hawa. A bayanta akwai akwatin ƙarfe da ya sa aka like masa, inda yake ajiye alluransa da kwalaben magani.

Baba yana da yaya guda ɗaya, Gwaggo, a wani ƙauye da ke kwance a gindin dutse bayan Ibohaman. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har ya yi furfura Auta take ce masa. Idonta ya tafi tun ina ƙarami. Duk kaka, in an gama yankan gero, Baba kan hau Jar Akuya ya je ya gaishe ta, ya kai mata sabuwar tabarma. Daga baya ciwo ya kwantar da shi, babur ɗin ma ta kwanta a zaure, zuwan ya yanke. Da ya rasu cikin damina, koramu sun tare hanya, ba a samu kawo ta ba. Aka aika mata, ta saurara, ta ce ta ji. Amma ba ta yi kuka ba, ba ta ce Allah ya jiƙansa ba, kuma duk wanda ya zo yi mata gaisuwa sai ta ce a ba shi ruwa ya sha ya wuce, ita ba ta yi rashi ba.

Bana 'yarta ta kira ni a waya. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, amma ranar ko sunan banzan da take kirana da shi ba ta faɗa ba, a nan na san magana ce. Ta ce tsohuwa ta rage cin abinci, tana ta ramewa. Kullum la'asar sai an fitar da ita ƙofar gida ta zauna ta karkata kunne wajen dutse har rana ta faɗi. Ta ce ranar nan ta yi magana guda: in da gaske Auta ya tafi, a kawo mata motonsa ta ji da kunnenta.

To, Jar Akuya kuwa ta daɗe da mutuwa. Filatin ɗinta, wato ɗan ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa don buji, wato fulogi, ya ba da wuta, ya cinye ƙurmus. Karbirato, inda mai ke haɗuwa da iska, ya tsage. Muka nema a Madawa, muka aika Ƙonni da Maraɗi, duk wanda aka nuna wa sai ya yi dariya ya ce kakansa ma ya daina sayar da irinsu. Abokin nan nawa ne ya ce a bar neman matattu, shi zai sa mata sabuwar zuciya. Ya cire filatin ya sa wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, mai jin juyawar inji ya gaya wa buji lokacin tartsatsi. Ya cire karbirato ya sa ƙaramin famfo da allurar da ke fesa mai daidai buƙata. Sai wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke ba su umarni, wadda yake hira da ita ta wayarsa. Da ya rasa inda zai ɓoye ta daga ruwa da rana, sai ya saka ta cikin akwatin alluran Baba. Ranar da ta tashi, mahaifiyata ta leƙo zaure ta tambayi abin da aka yi mata. Da aka gaya mata, sai ta ce mai allura ya tafi, an koma yi wa baburinsa. Ta yi dariya, ta koma ciki da sauri tana gyara mayafi.

Abu guda abokina ya ja mini kunne a kai. Ya ce da can ko babu batiri Jar Akuya tana tashi da ƙafa, amma yanzu ranta a batiri yake, in ya mutu famfo ya tsaya, in famfo ya tsaya babu mai. Na ce na ji, irin jin da mutum ke yi in hankalinsa ya riga ya hau hanya.

Rana ta fito mana wajen Galma. Fadama ta yi shar da gadajen irin albasa, ruwa kwance tsakaninsu yana ɗaukar launin sama, mutane sun duƙa a ciki har ba ka bambanta su da inuwarsu. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na albasa ya bi mu har teburin mai shayi. Muka sha shayi da fanke mai zafi. Albasa a nan araha take har ka ji kunyar tayawa, amma man da ake sayarwa a kwalba ya yi tsadar da sai ka kalli kwalbar sau biyu. Mai man ya zo da mazurari ya tsaya a kan Jar Akuya, na ce ba ta buƙata tukuna. Ya leƙa tanki, ya leƙa ƙarƙashi yana neman karbirato bai gani ba.

"To wagga da mi taka shan isansi?" ya tambaya.

Abokina ya ce, "Allura aka yi mata."

Mutumin ya ja da baya yana tafa hannu. "Moto ma pikir? Allah shi ba ta lahiya!"

Daga nan hanya ta fara hawa. Wani wuri shimfiɗe, wani wuri jar tsakuwa mai sa haƙora kaɗawa. Jar Akuya ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Ni da na san ta da kakari da atishawa da harbin hayaƙi duk safiya, sai na ji kamar wata baƙuwa nake tuƙawa cikin rigar tsohuwa. Muryarta ta zama siririya, madaidaiciya, ba hawa ba sauka. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na riƙa hango Gwaggo tana jin wannan murya daga nesa tana miƙewa.

Buza tana zaune a kan duwatsunta, gidaje launin ƙasar da aka gina su da ita, har sai ka matso kake gane inda dutse ya ƙare gari ya fara. Daga sama ka hango kwari shimfiɗe, layukan dogonyaro sun ratsa gonaki, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran wuƙa. Muka tsaya muka sha fura da nono a wajen wata dattijuwa da ke dama ta da ludayin duma. Furar Adar ba ta wasa, yaji ya ji, in ka sha rabin ƙwarya sai ka nemi inuwa. Abokina ya sha ƙwarya guda cur, ya jingina da bango ya ce shi a bar shi a nan, in dawo in same shi. Da ƙyar na tashe shi.

Tsakanin Buza da Keita akwai fako mai faɗi, baƙaƙen duwatsu zube ko'ina kamar an watsa su da hannu, sama kuma ta sauko har ta taɓa gefen ƙasa. Babu kowa sai wani makiyayi can nesa, tsaye da ƙafa ɗaya, sanda a kafaɗa. Zafin rana ya sa hanya tana rawa a gabana, kuma a nan ne wani tsohon mafarkina ya dawo mini. Sau ɗaya tak Baba ya taɓa ɗauko ni a wannan tafiya, ina ɗan ƙarami, ya zaunar da ni a kan tanki tsakanin hannayensa. Barci ya kwashe ni a hanya. Na yi mafarki babur ɗin ta bar ƙasa, ba ƙara ba girgiza, muna shawagi a kan wani kwari, iska na shafa mini fuska, wani abu yana ƙwal-ƙwal a bayanmu kamar ƙararrawar raƙumi. Na farka a cinyar Gwaggo. Na sha yin mafarkin nan bayan na girma, musamman tun rasuwar Baba, kuma kullum nakan tashi da kewa.

Muka gangara Keita da azahar. Wanda ya san labarin ƙasar nan ya san hannun mata ne ya tsayar da ita. Gefen kowane tudu layukan duwatsu ne da aka jera don tare ruwa, da ramuka masu siffar jinjirin wata, kowanne da itacensa a ciki. Iyayenmu mata ne suka ɗauko duwatsun nan a ka, ɗaya bayan ɗaya, yau ga shi akwai inuwar da za ka yi salla a ƙarƙashinta. Muka yi azahar a bakin tafki, balbelu suna tsaye cikin ruwa ba sa ko motsi. Muka ci dambu da zogale, muka sayi cuku a wajen wata Buzuwa da ta ƙi rage mana ko kaɗan, tana murmushi tana girgiza kai har muka gaji muka biya.

Bayan Ibohaman sai hanyar ta zama ta shanu. Muka hau wani dutse mai faɗin kai, muka yi ta tafiya a bisansa har muka iso bakin gangare, inda wata aduwa take tsaye ita kaɗai. Daga nan ƙauyen Gwaggo yake bayyana a ƙasa, rumbunan ƙasa masu tumbi jere kamar tuluna, hayaƙi na tashi, gawo ya fara fitar da sabon ganye a cikin gonaki. La'asar ta yi. Na san tana zaune a ƙofa. Na murɗa mai, na sauko da ƙarfina, na ratsa tsakiyar gari kaji na watsewa, ban tsaya ba sai a gabanta. Ban kashe ba. Na ƙara murɗawa sau da yawa don ta ji da kyau.

Tana zaune a kan wata tsohuwar tabarma da gefenta ya zare, ta ƙanƙance fiye da yadda na san ta. Ta ɗaga hannu ta toshe kunne ɗaya.

"Wane na wanga mai hargowa ƙohwar gidan mutane?"

Taubashiyata ta fito da gudu, hannunta duk gari. "Inna, ɗan ƙanenki na, na Madawa. Ya kawo miki moton."

Na kashe, na durƙusa na gaishe ta. Ta shafa fuskata, ta tambayi mahaifiyata da yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce a matso mata da babur ɗin. Ta bi ta da tafin hannu, tanki, sirdi, har akwatin ƙarfe, ta daɗe a kansa.

"Jikin, nata na," ta ce. "Amma ba hakanga taka zuwa ba."

Na miƙa mata sabuwar tabarma. Ta shinshina ta, ta ce a jingine a ɗaki, mai kawowa bai iso ba tukuna. Ban taɓa jin jikina ya yi sanyi irin na lokacin ba. Taubashiyata ta kalle ni, ta ga halin da nake ciki, sai ta ce, "Kai da ko jaki ba ka iya hawa, wa yac ce ka taɓa moton manya?" Na san don ta ɗaga ni ta faɗa, amma dariyar ba ta zo mini ba. Da magariba aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Gwaggo ta taɓa loma ɗaya ta ture kwanon.

Ni da abokina muka fahimci maganarta yadda kowane mai hankali zai fahimta: murya ce ta canza. Washegari tun da hantsi ya shimfiɗa buhu a gindin bango, ya kunna makulli, ya haɗa wayarsa da ƙwaƙwalwar, ya shiga neman tsohuwar muryar Jar Akuya. Ku duba wannan aiki. Mutumin da ya yi watanni yana raba ta da tari, yau shi ne zaune yana roƙonta ta yi tari. Ya ƙara mata mai har ta fara baƙin hayaƙi. Ya jinkirta tartsatsi har ta fara harbi. Ya tambaye ni, da can cewa take fat-fat-fat ko fut-fut-fut? Na ce ina jin tsakaninsu ne. Duk wanda ya gwada sai mu tura ta gaban Gwaggo mu tayar, ita kuma ta karkata kai ta saurara da haƙuri, ta ce a'a. Maƙwabta suka taru, kowa da shawararsa. Wani tsoho ya rantse da can tana da wani kuka a ƙarshe kamar na ɗan akuya, abokina ya nemi kukan ɗan akuya a cikin waya bai samu ba. Da rana ta take, Gwaggo ta ce, "Ku bar wahal da dabbag ga hakanan." Abokina ya mayar da komai yadda yake, ya kwanta a kan buhun ya rufe fuska da hula.

Ranar kasuwar Ibohaman ce. Taubashiyata ta aike ni sayen sukari da ganyen shayi, ina jin don ta raba ni da zaman jugum ne. Jar Akuya ta yi nauyin tashi, sai da na buga ƙafa sau da yawa, ban kawo komai a raina ba. Ban tuna cewa tun safe makulli a kunne yake, famfo da ƙwaƙwalwa suna ta tsotsar batiri ba.

Kasuwar ta cika. Raƙuma durƙushe a gefe suna tuƙa, Buzaye da rawunansu suna ciniki da murya ƙasa-ƙasa, Fulani da ƙoren nono, manoma da sabon gero da wake. Na yi ta yawo tsakanin rumfuna ba tare da na ga abin da nake kallo ba. Tunanina guda: na kawo mata ƙarfe, na kasa kawo mata abin da ta aika a kawo, gobe zan koma, ita kuma za ta ci gaba da zama a ƙofa tana ramewa har ranar da za a kira ni a ce ta tafi. Na sayi aiken, na ƙara da goro ɗan kaɗan, na kama hanya rana ta karkata.

A kan dutsen nan mai faɗin kai, ina hango aduwar, Jar Akuya ta yi shiru. Ba ta yi tari ba, ba ta yi gargaɗi ba, ta ɗauke kawai. Na kashe makulli na kunna, ban ji ɗan kukan da famfo ke yi ba. Na buga ƙafa har gumi ya jiƙa mini riga. Na ɗaga waya sama, babu layi. Sai a lokacin maganar abokina ta dawo mini. Na tura ta zuwa gindin aduwar, na tsaya ina haki. Gangare ne daga nan har gari, don haka na hau, na ɗaga ƙafafuna, na sake ta.

Ta fara mirginawa a hankali, sannan ta ɗauki gudu. Babu ƙara, babu girgizar inji. Iska ta shafo mini fuska. Kwarin ya buɗe a ƙasana, rana ta zuba masa ja, rumbuna da gawo da hayaƙi duk suna tasowa wajena. Na fara jin abubuwan da inji ya hana ni ji jiya: lugude daga cikin gari, kurciya, ɗan maraƙi yana kiran uwarsa, sarƙa tana 'yar waƙarta. A bayana kuma wani abu yana ƙwal-ƙwal, ƙwal-ƙwal. Marfin akwatin alluran Baba ne, maƙallinsa ya saki tun ban san lokacin ba, yana bugun ƙarfe duk inda taya ta taka dutse. Ashe ba mafarki na yi ba ina yaro. A nan ne, a wannan gangaren, tsakanin barci da farke, a tsakanin hannayen Baba.

Inda ƙasa ta daidaita gudun ya ƙare. Na sauka na riƙe ƙahonninta ina turawa, takalmina na ƙarar tsakuwa, akwati na ƙwal-ƙwal. Na wuce rijiya, na wuce masallaci, na karyo kwanar gidan. Gwaggo tana tsaye. Matar da sai an riƙe ta take miƙewa, ga ta tsaye ita kaɗai, hannu ɗaya a jikin bango, fuskarta ta juyo daidai inda nake.

"Auta?"

Na tsaya cak. Da ƙyar na ce, "Ni ne, Gwaggo. Ɗansa."

"Na sani," ta ce. "Shi ƙahwar dama yaka ja. Matso da ita."

Na matso. Taubashiyata ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, abokina ya ɗaga hula daga fuskarsa. Gwaggo ta ɗora hannu a kan akwatin, ta taɓa maƙallin da yatsa, ya yi ƙwal.

"Tun ran da yas saye ta bai taɓa shigo min da wuta ba," ta ce. "Can bisa, ga aduwa, yaka kashe ta. Yac ce wadda tag goye shi, ba ya zo mata bisa ƙarhe yana ruri ba. In jiyo ta nesa, in ji ta yi shiru, in ce a ɗora ruwa, Auta ya taho. Motoci nawa ka wucewa bisa dutsen ga kullum? Duk ruri su kai. Shirun nan nika jira."

Ta zame hannunta daga akwatin zuwa sirdi. Ta shafa shi daga gaba zuwa baya, ta sake shafawa, kamar mai neman abu a cikin duhu.

"Ta zo," ta ce a hankali. "Shi bai zo ba."

Sai ta kifa goshinta a kan sirdin ta fashe da kuka, irin kukan da ya daɗe yana jiran hanya. Muka riƙe ta ni da 'yarta, mu ma muna yi. Da ta samu numfashi ta ce, "Allah shi jiƙanka, Auta. Allah shi sa ka huta." Ta maimaita, muna cewa amin. Sannan ta share fuska da bakin zane, ta juya wajen 'yarta.

"Ɗauko tabarmag ga sabuwa ki shimhiɗa. A gaya ma mutane na yi rashi, su zo su yi min gaisuwa."

Da safe ƙofar gidan ta cika. Maza a waje, mata a ciki, har da makiyayan da Baba ya yi wa shanunsu allura shekarun baya, waɗanda kasuwa ta kawo suka kwana a kusa. Gwaggo tana zaune a tsakiyar sabuwar tabarma tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ana ce mata ya haƙuri, tana cewa haƙuri sai ma'aiki. Ni ma aka zaunar da ni ana yi mini, kamar jiya aka yi rasuwar. Da hantsi ta ce a dama mata fura, ta shanye, ta ce wadda aka dama ta yi ruwa, a ƙaro gari. Taubashiyata ta kalle ni ta gefen ido ta ce ashe dai ina da amfani, ko da yake sai da moto ta mutu aka gane.

Abokina ya ciro batirin baburinsa ya ba Jar Akuya aro, nasa kuma da ƙafa yake tashi. Ya ce in mun koma zai sake naɗa mata wayar da ke cajin batiri, don tsohuwar ba ta iya ciyar da sababbin baƙin da ya saka mata. Yana ɗaure waya yana ƙunƙuni: watanni yana aiki, ashe abin da ake so a wurinsa shi ne ya kashe. Gwaggo ta jiyo shi. Ta ce, "Ɗana, da ba ka tashe ta ba, da mi za ta kai bisa dutse ta yi shirun?" Ta sa masa albarka har ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Da za mu tafi na tura Jar Akuya da hannu har bayan gari kafin na tayar. Muka biyo hanyarmu ta Keita da Buza, muka sake shan furar dattijuwar nan, muka wuce Galma masu shayi suna shirin kunna fitilu. Duk tsawon hanya injin bai yi tari ba, kuma yanzu na daina jin muryar a matsayin baƙuwa. Aikinta ta kai ni, ta kuwa kai ni.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na tafi ina zaton abin da ake tunawa da mutum shi ne ƙarar da ya yi a duniya, na yi ta murɗa mai a ƙofar tsohuwa don ta ji. Ashe ita inda yake yin shiru saboda ita ta riƙe. Na gaji babur ɗin Baba da akwatinsa, na sa an sabunta mata wuta da mai, amma ladabin da yake hawanta da shi sai da batiri ya mutu na same shi.

Mun shigo Madawa ana kiran magariba. A bakin lungunmu na kashe makulli, na sauka, na turo ta a hankali, akwati yana ƙwal-ƙwal har zaure. Mahaifiyata tana alwala a tsakar gida. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi babur ɗin.

"Ta lalace ne?"

Na ce, "A'a, Inna. Lafiyarta ƙalau."